Inda Tsahara Take Kallo

Duk wanda ya zauna unguwar Ajame ta Abijan a shekarun yaƙin Jamus ya san Kailu maƙeri, ko da bai riƙe sunansa ba. Shi ne dogon nan mai ƙananan idanu da ke zama bayan kasuwa cikin tulin gwangwanaye, yana ƙera fitilar aci-bal-bal da mazurari da moɗa. Ba shi da fara'a, ba ya kuma neman a yi masa. In butarka ta ɓule ka kai masa, zai liƙe ta da dalma ya miƙo maka ba tare da ya tambayi mutanen gidanka ba. Mata suka ce girman kai ne. Maza suka ce taɓuwa ce, domin sun ji labarin abin da ya ajiye a ɗakinsa, wai gardi da furfura yana wasan yara.

Abin da ke ɗakin tsohon ƙyaure ne da ya kwantar a kan duwatsu, ya gina tashar jirgin ƙasa a kansa, 'yar ƙarama, ta ƙauye. Ba irin babbar tashar Abijan ba ce mai bene da agogo. Tasha ce ta cikin kurmi, ɗaki ɗaya, tankin ruwa ɗaya, sai hanyar jirgi da ta ratsa ta wuce.

Kailu mutumin wajen Dogonduci ne. Ya gangaro kudu da matarsa Tsahara da 'yarsu Zalihatu tana goye, a lokacin da aka ce aiki ya buɗe a bakin teku. Ba su zarce Abijan ba, domin a hanya wani ya gaya masa akwai sansanin masu saran katako can cikin kurmi, lebura ɗari bisa ɗari, ba mai gyara musu ko tukunya. Wani ɗan reshen hanyar jirgi ne ke zuwa can, na wani kamfanin katako. Suka hau taragon da babu rufi, damina ta kankama, ruwa ya yi ta dukansu. Kafin su yi nisa jikin Tsahara ya ɗauki zafi, tana rawar ɗari har haƙoranta na haɗuwa. Da jirgin ya tsaya shan ruwa a wata 'yar tasha, Kailu ya sauke ta. Jirgi ya tafi ya bar su.

Har ya mutu bai san sunan tashar nan ba. Mai kula da ita mutumin kurmi ne, ba sa jin harshen juna, amma ya ba su gefen baranda. Nan Kailu ya zauna 'yan kwanaki, matarsa na kwance a cinyarsa, ruwa na zuba ba dare ba rana, ba abin da zai iya yi sai kallo. Ya kalli tankin, ya kalli rufin kwano, ya kalli rimin da ke bayan tankin, har komai ya zauna masa a kai. Rana kuwa ko sau ɗaya ba ta leƙo ba.

Tsahara ta rasu da hantsi. Babu Musulmi a wurin sai shi kaɗai. Shi ya yi mata wanka, ya yage farar rigarsa ya yi mata likkafani, ya sallace ta shi ɗaya, yarinya na kuka ɗaure a gindin baranda. Mai tashar ya ara masa shebur. Da ya zo haƙa kabari a gindin rimin sai ya tsaya, don bai san inda gabas take ba. Ya ɗaga kai, sama duk toka ɗaya. Sai ya yi lissafin da kowane matafiyi ya sani, cewa jirgi daga teku yake fitowa ya nufi arewa, saboda haka in ka fuskanci inda jirgi ke tafiya, gabas na hannun damanka. Haka ya kwantar da ita, fuskarta na duban dama da hanyar jirgi. Ya rufe, ya ɗora dutse wajen kai, ya goya 'yarsa kamar mace ya hau jirgin da ya fara zuwa.

A Ajame ya sami ɗaki a gidan 'yan'uwa mutanen Nijar. Bai sake aure ba, duk da malamai sun yi ta yi masa faɗa. Ranar da Zalihatu ta fara wayo ta ce, "Baba, ina Inna take?" sai washegari ya jawo tsohon ƙyauren nan daga juji.

Aiki ne da ya ci shekaru. Ƙarafan laima ya miƙar suka zama hanyar jirgi, ya jera musu tsinken ashana a ƙarƙashi. Gwangwanin madara ya zama tanki. Rufin kwano kuwa gwangwanin kifi ya buɗe, ya bi shi da ƙusa layi-layi har ya yi kwari da tudu kamar na gaske. Ya kwaɓa jar ƙasa da kokon rogo ya shafe ƙyauren, ya rina soso ya yi itatuwa. Rimin ya fi ba shi wahala, ya rushe shi ya sake ya fi a ƙirga, don ya ce saiwoyinsa ba haka suke ba. Kan jirgin da ya ƙera har ƙafafunsa suna juyawa, amma bai taɓa bari yaran gidan su tura shi ba. Daga ƙarshe ya ɗebi laka kamar ƙwayar dabino ya ɗora a gindin rimin, ya sa ɗan tsakuwa a gefe ɗaya. Ya daidaita ƙyauren a tsakiyar ɗaki yadda kabarin zai dubi bangon gabas, inda shi ma yake duba in zai yi salla.

"Ga Innarki," in ji shi. "Tana kallon inda muke kallo."

Da yaƙi ya yi tsanani jiragen ruwa suka daina zuwa, kananzir ya ɓace, gwangwani ya zama abin nema. Maƙera suna tonon juji kamar kaji. Kailu ya kwana da yunwa ba sau ɗaya ba, ga kuwa gwangwani mai kyau a kan ƙyauren da zai yi fitila fiye da goma, bai taɓa ko rufin ba. A shekarun ne kuma labari ya iso cewa kamfanin katakon ya tashi, an tumɓuke ƙarafan reshen an kai wani wuri. Kailu ya shiga ɗaki ya daɗe, don ya san yanzu tashar nan ba ta ko'ina a duniya sai a kan ƙyaurensa.

Bayan yaƙi, shekarar da aka soke aikin tilas, wani mutum ya ƙetaro gada daga unguwar Tireshibil da tukunyar shayi ta ɓule. Sunansa Inusa, mutumin Ƙonni, ɗan dako ne a bakin ruwa, mai surutu kamar an biya shi. Ruwa ya tsare shi, Kailu ya shigar da shi ɗaki ba don yana so ba. Inusa na ganin ƙyauren ya saki tukunyar.

"La'ilaha illallahu! Maƙeri, wagga ai tasharmu ta! Ga tanki, ga rimi, har da kwanon da ya karkace! Ni na yi shekaru ina zuba itace a tukunyar jirgin wanga reshe."

Zalihatu, wadda ta zama budurwa, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin ubanta ya yi murmushi irin na ranar ba. Shekara da shekaru ana ce masa mai wasan yara, yau ga shaida. Ya sa ta dafa shayi, ya zauna yana nuna wa baƙon komai, ban da 'yar lakar da ke gindin rimi.

Inusa ya zagaya ƙyauren, ya dubi ƙofa, ya dubi buzun salla, ya ce, "Komi ya yi, maƙeri, abu guda ne. Ka aje ta baibai. Kama mini can."

Kafin Kailu ya gane, mutumin ya ɗaga gefe ɗaya, shi kuma ya kama ɗayan don kada abin ya zube. Suka juya ƙyauren gaba ya koma baya.

"Yawwa, haka take zaune," in ji Inusa yana share hannu. "Ai kowa ruɗewa yake. Akwai wata ƙatuwar fadama, hanya sai ta zagaye ta, ta juyo kamar za ta koma teku, sannan a iso tashar. Da safe in muka shigo, rana kuncina na hagu take duka. Nan gefen tanki nika salla, na san wurin kamar tafin hannuna."

Kailu bai ji sauran maganar ba. Idonsa na kan 'yar lakar nan, wadda yanzu ta juya wa bangon gabas baya, tana duban bangon yamma inda ruwa ke tsatsafowa. Ya zauna a ƙasa. Inusa ya ɗauka gajiya ce, ya shanye shayinsa, ya yi godiya ya tafi, bai san abin da ya bari ba.

Da asuba Kailu ya je wurin Malam Rabi'u, mai makarantar allo a unguwar, ya durƙusa ya faɗi komai.

"Allah gafarta Malam, na juya mata baya ga alƙibla. Da hannuna."

Malam ya ce, "Kailu, ka yi iyakar ƙoƙarinka a inda babu rana babu mai tambaya. Da a ranar aka gane, da sai a gyara. Yanzu kuwa ba a tone ta. Allah ba ya kama bawa da abin da bai sani ba, ita ma ba abin da ya rage mata. Tashi ka tafi, ka yi mata addu'a."

Magana ce ta gaskiya, Kailu ma bai musa ba. Amma gaskiyar malam ba ta shiga inda ciwon yake ba. Abin da ke cin sa shi ne mace ta bar garinsu ta biyo shi har cikin kurmi, abu ɗaya tak ya rage ya yi mata, shi ma ya yi shi baibai.

Ya rufe maƙera ya hau jirgi. A mahaɗar da reshen yake rabuwa da babbar hanya ya sauka, ya bi tudun tsohuwar hanya da ƙafa. Da farko ana gane ta, daga baya ciyawa ta fi kansa, daga baya kuma ya faɗa gonakin kofi da aka share sababbi. Ya ga rimi ya fi ashirin, kowanne da kamar shi ne. Babu tanki, babu baranda, ba wanda ya san tashar da ba ta da suna. Ya dawo Ajame ƙafafu a kumbure, da tari a ƙirji, ya tsufa a tafiya ɗaya.

Zalihatu ta ga ubanta na ƙarewa a zaune. Wata rana ta ɗauko 'yar wuƙa ta ce, "Baba, laka ce fa. Bari in ɓamɓare in juya ta, ko mu mai da ƙyauren yadda yake dā."

Ya riƙe hannunta. "Kar ki taɓa, ɗiyata. In kin juya wagga, wa zai juya waccan? Yadda take can haka za ta zauna nan."

Maimakon haka sai ya naɗe tabarmarsa daga inda yake kwana, ya kai ta gindin bangon yamma, tsakanin bangon da ƙyauren, wurin da ko kaza ba za ta zaɓa ba. Bangon yana tsatsafo da ruwa duk damina, ƙasan kullum a jiƙe. Zalihatu ta yi kuka, maƙwabta suka yi magana, Malam Rabi'u da kansa ya zo ya ce wannan cutar da kai ne.

"Na ji, Malam," in ji Kailu. "Amma duk shekarun nan tana kallon yamma, ba kowa a gabanta. Tunda ban nuna mata gabas ba, ta buɗe ido ta ga mutum."

Bai ga ƙarshen daminar da ta biyo baya ba. Tarin ya ci ƙarfinsa, ya rasu a kan tabarmar nan, kwance ta gefensa, fuskarsa wajen rimin soso. Aka kai shi maƙabarta aka jera shi da sauran jama'a, ya dubi gabas daidai, don a nan ba mai ɓata hanya.

Wasu maƙera suka zo neman gwangwanin da ke kan ƙyauren, wani ɗan kasuwa ma ya so ya ɗauke shi ya ajiye a shagonsa don jan masu kallo. Zalihatu ta hana. Bayan an share makoki, matan gidan suka shigo su taya ta gyaran ɗaki, suka tarar ta wanke tabarmar ubanta ta shanya, ta shimfiɗa tata a gindin bangon yamma.