Yaron da Na Shayar Ya Koma Amurka

Tun ranar da likita ta ce mini ba zan sake haihuwa ba, abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma ba mahaifar da suka cire ba ce. 'Yata ce. Ina kallonta a cikin zani, 'yar mitsitsiya, sai in ce a zuciyata: ke ke nan ke kaɗai, ba wa, ba ƙane. Ni na san amfanin ɗan'uwa namiji. Da mahaifinmu ya rasu, yayana ne ya tsaya a kan aurena, shi ya raka ni filin jirgi a Kano da zan biyo mijina Jidda. A nan kuwa ba mu da kowa. Ɗaki ɗaya muke haya a unguwar Nuzla, iƙamarmu, wato takardar izinin zama, tana rataye da aikin maigida. In wani abu ya same mu, wa zai tsaya mata? Sai in riƙa wanke-wanke ina tunanin mutuwarmu, alhali lafiyarmu ƙalau.

Nono kuwa Allah ya ba ni kamar na mai 'yan biyu. Gaban rigata ba ya bushewa. Hajiya maƙwabciyarmu, tsohuwa haifaffiyar Jidda wadda ta yi mini wankan jego, kullum sai ta yi mini tsiya: "Ke ya binti, wannan ai sai ki buɗe baƙala ki riƙa sayarwa."

Maigida direba ne a wani kamfani da ke ba 'yan ƙwallo mota da direba. An haɗa shi da wani Ba'amurke, baƙi dogo, mai tsaron baya a wata ƙungiya ta nan garin. Kyaftin ake ce masa, yadda Larabawa ke kiran duk wani ɗan ƙwallo. Matarsa ta haihu kusan lokaci ɗaya da ni, namiji. Zazzaɓi ya kwantar da ita bayan haihuwa, nononta ya ƙafe, yaron kuma duk madarar gwangwanin da aka ba shi sai ya amayar, jikinsa ya feso da ƙuraje. Maigida ne ke kai su asibiti yana dawo da su. Ran nan ya ji Madam, matar Kyaftin, tana kuka a bayan mota, bai san lokacin da ya ce musu matarsa tana da nono ba.

An ɗebi jinina aka gwada. Da farko wata na'ura suka aiko mini, tana tsotsa tana ƙara, ina tatsa a kwalba maigida yana kai musu a cikin ƙanƙara. Yaron ya sha ya zauna a cikinsa, amma ya tsani bakin robar. Sai Madam ta ce in zo da kaina.

Gidansu yana can gaba da unguwar Ruwais, kusa da teku, sanyin cikinsa har ƙashi. Na shiga da 'yata a goye. Madam ta miƙo mini shi, ba nauyi, wuyansa duk ya yi lanƙwasa, da wani ɗan tsiro kamar ƙwayar gero a gaban kunnensa na hagu. Na yi bisimilla na ɗora shi. Ya kama kamar ya daɗe yana jirana. Ya sha har gumi ya tsatso masa a goshi, ya saki da kansa ya yi barci. Madam ta zauna a ƙasa ta rufe fuska.

Da na ba Hajiya labari, ta ajiye kofin shayinta.

"Ya ƙoshi?"

"Har ya yi gyatsa, Hajiya."

"Gobe ma za ki koma?"

"Sun ce kullum."

"To mabruk, kin haihu. Wannan ɗanki ne, ƙanen 'yarki. Shi kuma wancan direban naki ya yi ɗa yana zaune, bai sayi ko ragon suna ba."

Na san hukuncin tun a islamiyya, amma ban kawo shi kaina ba sai da ta faɗa. Maigida ya tambayi limamin masallacinmu, ya ce haka ne, ko iyayen ba musulmi ba ne: babu aure tsakanin yaron da 'yata har abada, muharraminta ne. Ranar na ci abinci da yawa. Dutsen da ke ƙirjina tun daga asibiti ya sauka. Maigida ma ya riƙa wasa da abin, in ya dawo ya ce, "Ina uwar ɗan Amurka? A ba ni ruwa."

Haka muka yi watanni. In shayar da wannan, in juya in shayar da waccan. Na riƙa kwantar da su a shimfiɗa ɗaya, ita tana jan kunnensa, shi yana tsotsar yatsanta. Shi ba ya barci sai an murza masa tafin ƙafa. Ni na gano haka, na nuna wa uwarsa. Ba na jin Turanci, ita kuma Larabcinta bai wuce shukran da yalla ba, amma muna zama mu yi dariya. Ban taɓa zaunar da ita na ce mata ga abin da shayarwa take nufi ba. Na ɗauka ko'ina a duniya an sani. Wa zai ba mace ɗansa ta sa masa nono bai san ya ba ta ɗa ba?

Maigida ne ya fara kawo maganar, ba da wata manufa ba. Ya ce Kyaftin ya daina jin kiɗa a mota, sai kallon wasannin ƙasarsu a waya. Wai abokansa da suka watsu Turai da wasu ƙasashe suna ta komawa gida ɗaya bayan ɗaya, gasar can ta yi ƙarfi, an gina sababbin filaye, mutane suna cika su. Wai ya ce ya gaji da buga ƙwallo inda mahaifiyarsa ba za ta zo ta gani ba. Na ce Allah sarki, na ci gaba da ninke kaya.

Daga nan idona ya buɗe. Madam ta fara ba yaron dankali da aka dama a cokali, tana tafa masa in ya haɗiye. Ta ce in riƙa zuwa da safe kawai. Tukwanen furen da ke baranda na gan su a ɗakin maigadi. Hotunan bango suka sauka, suka bar ƙusoshi. Sannan wata safiya na tarar da yaron sanye da 'yar rigar ƙwallo, launinta ba na ƙungiyar nan ba.

Na ce wa maigida sai ya shiga ya yi mini tafinta.

"Ki rufa mini asiri," ya ce. "Kamfani ya hana mu shiga harkar gidansu."

"Harkar gidana ce. Ɗana ne."

Ya shiga. Muka tsaya a falo a tsakanin kwalaye. Na yi magana mai tsawo. Na ce yaron nan naman jikinsa daga jikina ya tsiro. Na ce 'yata ba ta da wani ɗan'uwa a duniya sai shi, kuma ba za ta samu ba. Na ce ba na neman su bar mini shi, ina neman su riƙa gaya masa, su riƙa kawo shi ko da bayan shekaru ne. Maigida ya juya ya faɗi wasu 'yan kalmomi kawai. Madam ta dafe ƙirji, ta rungume ni tana hawaye, ta shiga ɗaki ta turo mini keken jariran yaron, kyauta. Kyaftin ya ɗaga 'yata sama yana dariya.

"Ya ce in ta girma ta zo ta kalli wasa," in ji maigida.

"Tambaye ta, za su gaya masa?"

Madam ta amsa da kanta. Ta ce, "Insha Allah." A nan ta koye ta, kuma irin wadda ake rufe magana da ita ta koya.

A mota na ce masa, "Me ka faɗa musu?"

"Na ce kina son yaron sosai, za ki yi kewarsa."

"Shi ke nan?"

"To me zan ce? Su ba su da wannan a wurinsu. Kin taimake su, sun gode, halas, magana ta ƙare."

Safiyar tafiyarsu na shayar da shi na ƙarshe. Ya riga ya saba da cokali, yana sha yana waige. Maigida ya kai su filin jirgi, ni na hau tasi da 'yata da keken. Nonona ya kumbura ya yi tauri kamar dutse, har zazzaɓi. Hajiya tana gasa mini da ruwan zafi, ba tsiya ko ɗaya a bakinta.

Da farko Madam tana kira ta bidiyo. Yaron ya leƙo ya yi dariya. Daga baya ya leƙo ya juya baya. Safiyarsu yammarmu ce, kiran ya riƙa nisa da juna, har ya tsaya. Saƙon murya na ƙarshe da na tura, ba a buɗe ba. Ban ce mugaye ba ne. Sun koma gida ne, gida ya cika musu ido.

Maigida yanzu wani ɗan ƙwallon yake tuƙawa. Kwanaki ya nuna mini a waya: Kyaftin yana shiga fili, jama'a sun miƙe suna ihun ɗansu ya dawo, yaron yana kan wuyansa. Ya yi ƙiba. Na sa aka tsayar da hoton, na ga tsiron kunnen. 'Yata ta sa yatsa a kan gilashin, ban sani ba ko ta gane shi ko hasken ne ya ja ta.

Dutsen ya dawo, ya fi da nauyi. A da ba ta da ɗan'uwa. Yanzu tana da shi, yana raye, yana cin abinci a wani gari, bai san da ita ba.

Maigida ya ce kada in rubuta suna, aikinsa. To ban rubuta ba. Amma na ji akwai Hausawa a Amurka, kuma wasunku suna zuwa kallon ƙwallo. In ka ga dogon mai tsaron baya da ya taɓa wasa a Jidda, da ɗa mai ɗan tsiro a gaban kunnen hagu, don Allah ka matsa kusa. Kada ka roƙi komai. Ka gaya wa yaron, da yaren da yake ji, cewa yana da yaya mace a Nuzla, nono ɗaya suka sha.