Ƙafar Halliru da Ƙafar Kaza

Ranar kasuwar Wurno ce, cikin ranin 1957, kuma Halliru ɗan Malam Abdulƙadiri yana gida hutu. Da asuba ya bi mahaifinsa masallaci. Da suka dawo bai koma barci ba, ya tuɓe riga ya yi gudu har bakin Rima ya juyo, kamar yadda aka koya musu a Gusau. Masu ban ruwan albasa suka bi shi da kallo. Tun farkon hutunsa suke jiran su ga abin da ke korarsa, har ranar ba su gani ba.

Da hantsi ya sha kunu a ɗakin mahaifiyarsa Turai, ta yi masa faɗa a kan ramar da ya yi. Da rana ta take ya kwanta a zaure yana fifita da hula. Nan abokinsa Mode, mai gyaran keke, ya same shi bayan azahar.

"Tashi, ɗan kamfani. Samarin Rabah sun zaka cin kasuwa, da tamaulassu. Sun ce kai sai wasan Turawa, ba ka iya na gida."

"Manaja ya hana mu wasan waje."

"Manaja na Gusau. Ko daga can shika hangenka?"

"In na ci su, mi za ni samu?"

"Mi kaka so, sarauta? Mu dai a hid da mu kunya."

Malam Abdulƙadiri yana daga ciki yana jin su. Ya ce in kamfani ya hana, ya hana. Halliru ya ce, "Rabin wasa ɗai, Baba," ya fita.

Shekararsa ashirin a lokacin. Ya yi elemantare a Wurno, ya yi midil a Sakkwato, inda malamai suka gano cewa kansa daidai na mutane ne, amma ƙafarsa ta hagu ba irin ta kowa ba ce. Mahaifinsa malamin gona ne da ya yi karatu mai zurfi, ya kuma so ɗansa ya zama likita. Sai wani kamfanin sayen fata da gyaɗa a Gusau ya ɗauki yaron aiki. Da baki akawun sito ake ce masa, amma ko makullin siton bai taɓa riƙewa ba. Aikinsa shi ne buga gefen hagu a kulob ɗin ƙwallon kamfanin, a kan wannan ake biyansa, a kan wannan aka ba shi ɗaki. Kafin faɗuwar damina kuma akwai wasan kofi a Kaduna, inda za a zaɓi 'yan wasan Arewa da za su tafi Ikko. Duk Wurno ta san da maganar, har waɗanda ba su san yadda ake cin wasan ba.

Da la'asar aka taru a filin bayan kasuwa, inda ake ɗaure jakuna tun safe. An kwashe jakunan, an cire turaku, ba wanda ya tuna da cike ramukan. Halliru ya ci biyu kafin mutanen Rabah su gama tsara kansu. Rabin wasa ya wuce bai fita ba. A gudunsa na gaba ƙafar hagu ta faɗa ramin turke, wani yaron Rabah mai sayar da goro, wanda bai taɓa nufin kowa da sharri ba, ya faɗo a kanta da duk nauyinsa. Waɗanda ke bayan raga sun ji ƙarar.

Washegari mahaifinsa ya kai shi asibiti Sakkwato a motar ɗaukar albasa. Likita ya ce ƙashin ƙwauri ne ya karye, ya sa masa filasta daga yatsu har cinya. Ya ce wata huɗu kafin ya taka, ƙwallo kuwa sai baɗi in an duba an gani. Wasan Kaduna saura wata biyu. Suna dawowa gida direban kamfani ya biyo da saƙon Manaja: yana gaishe shi da jiki, yana kuma sanar da shi cewa duk wanda ba ya fili ranar da za a tsayar da masu tafiya Kaduna, rigarsa ta zama ta wani, ɗakinsa ma haka.

Halliru ya kwana biyu yana kallon filastan. A rana ta uku, mahaifinsa ya fita rangadin kwana biyu, Mode ya zo da zarton shagonsa ya yanke filastan. Kafin la'asar an aika Goronyo a kira Mainasara.

Mainasara maɗori ne na gado, dattijo mai hannu kamar na maƙeri, kuma ba gari a gefen Rima da babu mai tafiya da ƙafar da ya ɗora. Yana da ƙa'idarsa da ya tarar a gidansu. Kafin ya taɓa mutum sai an kawo kaza. Ya karya mata ƙafa daidai inda mutumin ya karye, ya ɗora ta da tsinke da zare, ya shafa mata maganin da zai shafa wa mai jinya, sannan ya juyo kan mutum. Daga nan kazar ce ke faɗin lokaci. Ranar da ta taka ƙasa, ɗori ya kama, mutum na iya ɗaukar sanda ya nufi gonarsa.

Haka aka yi. Turai ta ba da wata baƙar kaza mai yawan ƙwai, ba da son ranta ba. Da Mainasara ya gama ɗaure ƙwaurin Halliru da karare, yaron ya share zufa ya tambaye shi.

"Baba, in ta taka, ina iya wasa?"

"Wane wasa?"

"Tamaula."

"Wagga da yara ka hauri bayan kasuwa?"

"Ita."

Mainasara ya yi dariya har ya ajiye ƙoƙon maganin. "Yaro, na ɗora manoma sun koma noma, na ɗora masunta sun koma jan taru. Wanda ka iya aiki, wasa za ya gagarai?"

Da gaskiyarsa ya faɗi haka. Bai taɓa ganin wasan kulob ba, kuma a iyakar saninsa babu abin da ake kira wasa da ya kai aiki nauyi.

Malam Abdulƙadiri ya dawo ya tarar da filastan a jingine a zaure, an tsaga shi gida biyu. Ya gaisa da Mainasara cikin mutunci, ya raka shi har bakin hanya. Sannan ya zauna kusa da ɗansa ya yi masa bayani dalla-dalla, cewa ƙashin kaza siriri ne, jikinta ba nauyi, cikin makonni kaɗan take warkewa, ƙwaurin mutum kuwa shi ke ɗauke da mutum gaba ɗaya, balle mai gudu yana juyi a kansa.

Halliru ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "Na ji, Baba. Amma likita ya riga ya ce wata huɗu. Ita kaza ba ta ce komi ba tukuna."

Uban ya maimaita maganar bayan kwana biyu, ya sake maimaitawa ranar Juma'a. Ɗan nasa ba ya musu, ba ya kuma canzawa.

Wurno kuwa ta ɗauki jinyar kazar da muhimmanci. Aka kifa mata sabon akurki a ƙofar ɗakin Turai. Maƙwabta suka riƙa aiko da tsaki, wani ya kawo gara cikin tsohuwar tukunya don an ce tana sa ƙarfin ƙashi. Wata rana shirwa ta yi shawagi a kan gidan, manyan mutane masu iyali suka fito da sanduna. In an ce wa Turai "Ya mai jiki?" sai ta tambaya wane daga ciki. Mode yakan zo kullum bayan ya rufe shago, ya tsuguna gaban akurkin ya ce, "Hajiya, Ikko muka son zuwa, ki taimaka." Sai ya leƙa ɗakin Halliru ya ba shi labarin yadda ta kwana, kafin ya tuna ya tambaye shi tasa ƙafar.

Cikin mako na uku kazar ta sauke ƙafa. Kwana kaɗan bayan nan aka ga ta bi fara da gudu har bakin rijiya, labari ya isa kasuwa kafin farar ta gama sauka cikinta. Mainasara ya zo, ya kwance kararen, ya bi ƙwaurin da babban yatsa, ya ce ɗori ya kama. Kuma ya kama ɗin, iyakar kamun da ƙashin mutum ke yi a irin wannan lokaci. Halliru ya fara takawa da sanda, sannan ya ajiye sandar. In mahaifinsa na tsakar gida sai ya miƙe sosai ya wuce, in ya shiga zaure ya dafa bango.

Ranar da zai koma Gusau aka yi ɗan taro. Kazar da gari ya yi wa jinya, gari ne ya cinye ta, da tuwon gero. Malam Abdulƙadiri bai ci ba. Ya raka ɗansa tasha, ya ce masa ko a can ya nemi likita ya duba kafin ya shiga fili. Halliru ya ce to.

Manaja mutum ne da ya san fata ƙwarai. Ya duba ƙafar, bai ga tsaga ko kumburi ba, ya sa Halliru ya zagaya fili a guje, ya bar masa rigarsa. A wurin atisaye yaron ya koyi lallaɓa hagun, yana tura ƙwallo da dama, abokansa suna cewa ya dawo da sabon salo.

A Kaduna ba a lallaɓawa. An fara wasa ba da jimawa ba ya tsere wa mai tsaronsa ya aika ƙwallo tsakiya, aka ci. Masu zaɓe suna zaune a rumfa, an ce sun tambayi sunansa. Da ƙwallo ta sake zuwa masa ya kafa hagun zai juya, kamar yadda ya saba tun yana yaro. Babu kowa kusa da shi. Ƙashin ya karye a inda ya karye da farko, wannan karon ya huda fata ya fito, ya shiga ƙasa.

A asibiti aka wanke, aka gyara, aka yi abin da ake yi. Bayan kwanaki ciwon ya ɓaci, ƙafar ta canza launi. Likitoci suka ce a yanke daga ƙasan gwiwa. Halliru ya ƙi. Mahaifinsa ya iso ta jirgin ƙasa ya same shi da zazzaɓi, amma cikin hankalinsa.

"Sun ce su yanke, Baba."

"Na ji. Ka bari su yanke."

"In sun yanke, da mi za ni wasa?"

"Ba za ka yi wasa ba, Halliru. Za ka zo gida."

"In yi mi a gida?"

Uban ya lissafa masa: koyarwa, aikin akawu na gaske, kula da lambu. Duk ayyuka ne masu kyau, kuma Halliru ya yarda masu kyau ne. Ya roƙi a ba shi kwana biyu ko kumburin zai sauka. Da kwana biyun suka cika ya roƙi ƙarin biyu. Ranar da ya amince aka yi aikin, aka kuma yi shi da kyau, sai dai ciwon ya riga ya shiga jini. Ya rasu da hantsi, ranar da aka yi ruwan farko a Kaduna, a can aka binne shi. Daga baya wani ya ce sunansa na cikin waɗanda aka zaɓa, wani ya ce ba ya ciki. Mahaifinsa bai bincika ba.

Mutanen Rabah sun zo ta'aziyya, da mai goron a cikinsu, ya kasa shiga zaure. Mainasara ma ya zo da ƙafa daga Goronyo, ya zauna ya yi addu'a, ya koma.

Bayan sadakar arba'in direban kamfani ya kawo akwatin ƙarfen Halliru. Rigar wasa da takalma ba sa ciki, don na kamfani ne, an riga an ba wanda ya gaji gefen hagu. Akwai riguna biyu da hula, aka ba 'ya'yan kawunsa. Bargo ya tafi wurin ladan. Mode ya karɓi famfon hura ƙwallo, ya canza masa baki yana hura tayar keke da shi. Akwai hoton kulob, wanda Malam Abdulƙadiri ya ajiye. A ƙasan akwatin aka sami wani ɗan kofi na farin ƙarfe mai hannu biyu, wanda aka ba Halliru shekarar da ya fi kowa cin ƙwallo a Gusau, bai taɓa ambatarsa a gida ba. Ya yi ƙanƙanta da shan ruwa. Turai ta ɗora shi a kan jeren kwanoninta, har wata maƙwabciya ta gano cewa cikinsa ɗaya na irin albasa yana isar fangalin lambu guda daidai. Tun daga nan, in lokacin yafa iri ya zo, ana aikowa a ara, a dawo da shi da yamma.