Nikabin Malamarmu

Ina da shekara tara sanƙarau ya kwantar da ni a Baure. Na tashi, amma kunnen hagu ya mutu, na dama kuma sama-sama yake ji, kamar ana yi mini magana daga bayan katanga. A gida aka ce in yi shiru da bakina, kada a laƙaba mini kurma. Sai na koyi kallon leɓe. Mutum yana magana, in tsinci rabi da kunne, rabi da ido, in haɗa.

Haka na yi aure a Daura, na kafa keken ɗinki a ɗakina. Ban da maigidana ba wanda ya sani. Maƙwabta dai suna cewa ina da girman kai, don akan gaishe ni ta baya in wuce abina.

Shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, mu matan aure muka cika Islamiyya. Ajinmu a wata firamare yake, bayan la'asar, tagoginsa ba murfi, suna kallon hanyar 'yan acaɓa. Saboda haka malamarmu ba ta ɗage nikabinta. Ranar farko na zuba mata ido, ba abin da nake gani sai baƙin ƙyalle yana motsi.

Na koma layin gaba, bai yi ba. Na koma gefen da zan ba ta kunnen dama, nan ma ƙarar babura ta cinye muryar. Kullum sai na sauya wuri. Tun azahar sai in hau keke in sauka, in ɗinka hannun riga in farke.

Wata rana ta kusa da ni ta zungure ni, ta nuna Malama. Na miƙe zumbur, na kama karanto hadisin jiya. Aji ya fashe da dariya. Ashe jikin 'yata Malama take tambaya, wadda ta yi zazzaɓi. Na ɗauki jakata na fita.

Mako biyu ban koma ba. Ran nan ina yanka atamfa, sai ga Malama a tsakar gidana. Ta zauna bakin tabarma, ta ɗage nikabin. Yarinya ce ashe, ba ta kai ƙanwata ba.

"Yaya, laifin me muka yi miki?"

Tsaf na ji ta, kalma bayan kalma. Na yi ta juya almakashi a hannuna kafin na ce, "Malama, ba na ji sosai. Bakin mutum nake kallo."

Ta ce, "Wata huɗu kina zaune a gabana, ba ki faɗa ba?"

"Shekara ashirin ban faɗa ba."

Ta dubi tarin guntayen yadi a gindin keke. "Waɗannan za su rufe taga uku?"

Kwana biyu na yi ina harhaɗa su. Muka rataya labulen, kala-kala kamar rigar mahaukaci, Malama ta ɗage nikabi ta fuskance ni. Ni da bakina na gaya wa aji dalili.

Ban samu sauƙi duka ba. Yanzu wasu ihu suke yi mini, har jijiyar wuya ta fito, ihu kuwa murguɗe leɓe yake yi, in kasa gane komai. Nakan kama hannun mai yin, in ce, "Dube ni kawai, ki yi a hankali."