Ranar da Ƙanena Ya Kasa Miƙewa

A shekarun da kuɗin fetur suka shigo aka kai ƙanena kwalejin horon malamai, shi kaɗai a duk gidanmu na Mabai. Da ya zo hutun damina, ga jarrabawa a gabansa, sai Baba ya kafa doka: ɗan makaranta ba ya taɓa fartanya, ba a aikensa. Mu kuwa muka wuce gona da iri. Tuwo ni ke kai masa ɗaki, buta ni ke cikawa. Kujera 'yar tsugunne ya samu, littafi bisa gwiwa, wuya a lanƙwashe tun hantsi har la'asar, in ba salla ba ba ya motsi.

Wata safiya na kai masa koko, na ce, "Malam ƙarami, tashi ka amsa, ni ba baiwarka ba ce."

Ya yunƙura, sai ya tsaya rabi kamar mai ruku'u. "Yaya, bayana ya ƙi. Ƙafar hagu ma ba na jin ta."

Har na fara dariya, sai na ga zufa tana tsattsafo masa a goshi.

Kafin ka ce me, mata sun cika ɗakin. Maƙwabciyarmu ta ce haka wani ya fara a Faskari, ya ƙare da ƙusumbi yana jan gindi. Wata ta ce iska ce, a kira wanzami ya sa masa ƙarfe mai zafi. Inna sai salati take. Baba ya ce asibiti.

Motar Ƙanƙara, inda asibitin yake, ba ta zo ba, ruwa ya cinye hanya. A ƙafa muka tafi, ni da Baba muna tallafe da shi. Kowane taku sai ya yi nishi, ni kuwa idona na kan rigarsa, ina jiran in ga ƙashi ya turo. Wallahi ban san na taka ƙaya ba sai daga baya.

Da muka haye rafi ya saki kafaɗata. Kafin mu hango gari ya ɗago sosai.

Ma'aikacin asibiti ya daddanna shi, ya ce zama ne ya ƙage shi, ya riƙa tashi yana zagayawa, ya nemi tebur. Ban yarda ba sai da na tsayar da shi, na bi ƙashin bayan da hannuna tun daga wuya har ƙugu. Babu kumburi. Sai a nan na zauna a ƙasa.