Hajja Dije na can kwance a Fashaga

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina tsakar wanke kwalabe labari ya same ni: 'yan shifta, 'yan fashin dajin nan, sun harbe Hajja Dije a kambo, sansanin masu yankan riɗi, a Fashaga.

Ku yi haƙuri da rubutun.

Wanda bai san ta ba, maƙwabciyarmu ce a nan Gadarif, mai dafa sharbot ɗin nan mai kauri da ake tsiyaya kaɗan a ruwa a sha. Ita ta koya mini. A jiƙa zoɓo da tsamiya, a sa citta, kanumfari da ciyawar mahareb mai ƙamshi, a tace da farin ƙyalle, a zuba sukari a yi ta juyawa har ya yi zare tsakanin yatsu.

In sukari ya shiga tukunya, Hajja ko sallama ba ta amsawa. Ranar da na tsaya hira nawa ya kama, da muciya ta biyo ni har ƙofar gidanmu. Yamma na yi sai ga ta da kwalba: "Ungo, kai wa uwarki, ki ce ke kika yi."

Da na haihu nono ya ƙi zuwa, kullum sai ta shigo mini da kofi, ta ƙara hulba a ciki, ta tsaya a kaina sai na shanye.

Ganina da ita na ƙarshe, ana ɗora mata buhun sukari a lori za ta tafi kambon. Na ce, "Hajja, bana hanyar can ba kyau, ki aika musu da kwalaben mana." Ta harare ni. "Ke Zainabu, kin taɓa shan ruwan tafkin hafir da kaka? Sai da wannan yake wucewa a maƙogwaro. Kwalba nawa za ta ishi kambo?"

Yayana Isiyaku na cikin masu yankan, shi ya ba ni labarin. Jiya da hantsi 'yan shiftan suka faɗo musu da bindigogi. Suka tara maza a rana, suka fara ɗaure su za su tafi da su. Wani ya yi gardama, aka zubar masa da haƙora da gindin bindiga.

Ba wanda ya kula da tsohuwar da ke bakin murhu.

Ta ɗauki tukunyar tana tafasa, da hannu ba tsumma, ta sheƙa wa ɗan shiftan da ke gadin mazan a fuska. Duk mai dafa sharbot ya sani, sukari mai zafi in ya kama fata ba ya sauka sai da fatar. Ihunsa ya ruɗa sauran, mazanmu suka watse cikin dawa. Su kuma suka juyo suka buɗe mata wuta, ta faɗi a kan murhunta.

Ya jama'a, har yanzu tana can. A rana. Ba wanda ya ko rufa mata zane.

Waɗanda ta kuɓutar duk sun iso gida, an yi musu barka. Na tsaya a zaure na ce wa zai koma a ɗauko ta, kowa ya sunkuyar da kai. Yaya ya ce, "Zainabu, ba ki ga abin da na gani ba." Na ce ban gani ba Yaya, amma ita ta gani, kuma ta miƙe.

Wallahi raina ya ɓaci. Ina murna yana raye, kuma na kasa kallon fuskarsa.

Ku daina rubuta mini "jaruma" a ƙasa. Ba yabo take jira ba, wanka da likkafani take jira. Ba ta bar ɗa ko jika ba, kuma mace ce za ta yi mata wankan.

Wani dattijon direba ya yarda zai kai mu. Na sayi likkafanin. Innarmu na ta kuka tana riƙe mini mayafi, na ce ta yafe mini. Bayan azahar za mu tashi daga bakin masallacin unguwa, mai zuwa ya same mu can.

Allah Ka jiƙan Hajja Dije, Ka karɓi shahadarta, Ka sanyaya hannuwan nan da suka ƙone, Ka shayar da ita daga Alkausara. Waɗanda suka harbe ta, Allah Ka isar mata.

Don Allah duk wanda ya karanta ya yi mata Ƙulhuwallahu. In magariba ta yi ba ku ji daga gare ni ba, ku haɗa da mu.