Dattijuwa a Layin Canjin Taya

Dusar ƙanƙarar farko ta sauka jiya, shi ya sa yau garejin Veikko a garin Kajaani na ƙasar Finland ya cika da irinmu, waɗanda sai sun ga ƙasa ta yi fari suke tunawa da tayoyin hunturu. A gabana akwai wata dattijuwa gajera, sanye da rigar sanyi ta maza wadda ta yi mata yawa.

Kowa yana ciki yana shan kofi, ban da ita. Ta tuɓe safar hannu ta durƙusa, tana bin ƙusoshin hana santsi na kowace taya da ɗan yatsa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.

"Sababbin nan biyu a baya za ka ɗaura su," in ji ta.

"Na sani, Iya," Veikko yana dariya. "Kowace shekara sai kin faɗa mini."

"To bana ma na faɗa. In gaba ta zame, kana da sitiyari. In baya ta zame, sai dai a kira danginka."

Ban san wace kwana ce ta koya mata wannan ba. Na dai san rigar nan ba don ita aka saya ba.

An gama, ta ja motar a hankali zuwa filin da ba kowa, ta taka birki da ƙarfi don ta ji santsin. Ta gilashi ina hango hannunta ya kai ga kujerar gefe, kamar mai tare wani kada ya bugu.

Babu kowa a kujerar.