Kwanon da na mayar kan ƙusa

Shekara goma sha tara na yi ina dafa wa sojoji abinci a barikin da ke bakin garin Dakoro. Ni ba soja ba ne, kuku ne, karatuna bai wuce aji huɗu na lakwal ba. A bangon madafa akwai ƙusoshi a jere, kowane soja da tasa. Wanda aka tura aiki nesa sai ya wanke kwanonsa ya rataye, ba mai taɓawa sai ya dawo. In ajidan, babban da ke kula da mu, ya ce a sauke kwanon mutum a kai mangaza, wato ɗakin ajiya, to mutumin ba zai dawo ba. Ba a rubuta wannan ko'ina ba, amma har matan bariki sun san shi.

Wata safiya ina wanke shinkafa, rediyo ya ce an kai wa sojojinmu hari can yamma, kusa da iyaka. Ba a faɗi sunaye ba. Mu kuwa muna da mutane a can tun wata uku. Kafin azahar an rufe ƙofar bariki ga baƙi, an sassauto da tuta, an karɓe salular sojoji an zuba a kwali. Abincin rana ya dawo mini kusan yadda na zuba shi.

Da la'asar ajidan ya shigo madafa, ya nuna ƙusa huɗu da sanda.

"Tsoho, sauke waɗannan. Jibi da safe za a rufe masu su gaba ɗaya a Yamai. Amma ka kama bakinka, sai takarda ta zo za a sanar da iyalai. Wanda ya riga takarda magana ya bar barikin nan."

Na sauke. Ɗaya daga ciki na wani kapral ne, mutumin Kornaka. Matarsa ta ɗaura jan zare a mariƙin kwanon don kada a musanya masa. Ita 'yar Birnin Lalle ce, kullum tana kawo mini fura, Baba take ce mini.

Ajidan bai daɗe da fita ba na hango ta ta taga, ta nufo madafa. Na dubi ƙusar babu komai. Ban tsaya shawara ba, na ruga mangaza na ɗauko kwanon na mayar, na tsaya a gabansa ina haki.

"Baba, ina wuni. Salularshi ba ta shiga tun jiya."

"Can daji ne, ɗiyata, ba rezo."

"Ba rezo na zo tambaya ba. Kauce in ga bango."

Na kauce. Ta ga jan zaren. Ta sauke numfashi, har da dariya.

"Ja'irin mutum, bari ya dawo ya same ni. Baba, don girman Allah, ba a taɓa shi ba?"

"Ga shi kina gani da idonki."

Ban rantse ba, kuma a lokacin har daɗi na ji cewa ban rantse ba.

Maƙwabciyarta ma mijinta na cikin huɗun nan, amma ita wanta ya kira ta daga Yamai ya gaya mata. Washegari da safe za ta tasha, ta ce wa matar kapral ta zo su tafi tare, in ma rauni kapral ɗin ya ji ta gan shi a likita. Matar kapral ta ce a'a, Baba ya nuna mata kwano. Ta zauna aka yi mata kitso, ta wanke rigunan mijin ta shanya. Na wuce ta gabansu sau biyu a ranar. Mota tana nan a tasha har hantsi, ban ce komai ba. Maƙwabciyar ta isa a kan lokaci, ta ga inda aka ajiye nata.

Takarda ta zo rana ta uku da azahar, an riga an rufe su. Daga madafa na ji kukan matar kapral. Wuta na ƙara wa tukunya.

Ranar da danginta suka zo za su kai ta gida takaba, ta shigo madafa. Kwanon na nan a ƙusa, don na kasa sake sauke shi, ajidan kuma bai kula ba.

"Baba, uwarshi ta tambaye ni ko na ga inda aka sa shi. Mi zan ce mata?"

"Ɗiyata, tausayi ne ya sa."

"Tausayin wa?"

Na kai hannu zan sauko mata da kwanon, ta ce in bari. Ta sauke da kanta, ta sa cikin mayafi, ta fita.

Na daɗe ina gaya wa mutane umurni na bi. Ajidan shiru ya ce in yi, bai ce in mayar da kwano ba. Wannan ni na ƙara, don kada ta ga ƙusa ta yi ihu a ce daga madafata magana ta fita. Tukunyata na tsare.

Bayan na bar aiki na je Birnin Lalle neman gafara. Na yi sallama a ƙofar gidansu, na faɗi ko ni wa ne. Wanta ya shiga, ya daɗe, ya fito mini da ruwa a moɗa. Ya ce ta ce in sha, in gaida gida.